Yadda ake barin sigari a Jos, inda sanyi da majalisa da mai tebur suke jan mutum baya

Duk wanda ya taɓa cewa "daga yau na daina" amma kafin la'asar ya tsinci kansa a gaban mai tebur yana miƙa kuɗin kara ɗaya, to wannan rubutun nasa ne. Kuma tun farko ina so mu ajiye wata magana da ake yawan jefa wa masu shan sigari, wai rashin zuciya ne ya hana su bari. Akwai mutane masu zuciya sosai, masu riƙe da gida da iyali da sana'a, waɗanda sigari ta gagare su shekara da shekaru, saboda abin a jiki yake. In ka zuƙi hayaƙi, sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki wani sinadarin na jin daɗi, sai ka ji hankalinka ya kwanta, amma bayan kamar awa 2 rabinsa ya riga ya fita daga jininka, sai jiki ya fara neman ƙari, shi ya sa karan safe ya fi kowanne daɗi don dare guda jiki ya yi babu. Bincike ya nuna cikin mutum 100 da suka yi ƙoƙarin bari da ƙarfin hali kawai, ba shiri ba magani, kusan 3 zuwa 5 ne kaɗai ke kai shekara ba su koma ba. Kenan shiri ake yi mata.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe, don duk sauran a kansa suke tsaye: ƙishin sigari ba ya zama. Yana tasowa, ya yi ƙarfi, ya sauka, yawanci cikin minti 5 zuwa 10, ko ka sha ko ba ka sha ba. Kamar ruwan saman Jos ne na farkon damina da yake sauko maka ba sallama kana tsakiyar Terminus, ka raɓe a bakin shagon wani, kafin ka gama gaisawa da mai shagon ya ɗauke. Aikinka duka shi ne ka san inda za ka raɓe na 'yan mintocin nan, sau da yawa a rana, har jiki ya haƙura.

Mataki na farko: sati ɗaya kana sha kana rubutawa

Kar ka bari tukuna. Ka ɗau sati guda, duk karan da ka kunna ka rubuta a waya ko a 'yar takarda da za ka cusa cikin kwalin: ƙarfe nawa, a ina, da wa, me ya faru kafin nan. Zai yi maka kamar aikin banza a kwana na farko amma zuwa kwana na huɗu za ka ga abin mamaki, sigarin da kake ganin kana sha ne duk sanda ka ga dama ashe tana da jadawali. Wani nasa bayan shayin safe ne, wani in ya shiga ban ɗaki, wani bayan ya ci tuwo, direban Keke in ya shiga layi yana jiran fasinja a Farin Gada, bakanike in ya gama ɗaura inji, wani kuma sai an zauna kallon ƙwallo Arsenal ta fara jan rai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba wanda zai rubuta maka wannan.

Ka lura da abu biyu musamman, don likita zai tambaye ka: kara nawa kake sha a rana, sannan minti nawa kake yi bayan ka farka kafin ka kunna na farko. In kana kunnawa cikin minti 30 da tashi, alama ce nikotin ya kama jiki sosai kuma kana cikin waɗanda magani zai fi taimaka wa.

A satin nan ka yi lissafin kuɗi ma. A ce kara ɗaya naira 100 ne kana shan 10, naira 1,000 kenan a rana, 30,000 a wata, 365,000 a shekara. Ka sa farashin da kake saye da shi na gaskiya ka buga, ka rubuta adadin a inda za ka riƙa gani.

Mataki na biyu: sa rana

Ka zaɓi rana cikin sati 2 masu zuwa, kar ta wuce haka don in ta yi nisa zafin niyyar zai huce. Kar ka sa ta ranar da ka san akwai biki ko tafiya ko wani babban ciwon kai a wurin aiki. Kuma ranar nan ta bari ce gaba ɗaya, ba ta ragewa ba. Na san da yawa za su ce ai ni na rage, daga kwali na dawo kara 2, to madalla da ƙoƙari amma ka sani wani babban nazari da aka buga a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Ragewa tana da amfani ne in hanya ce zuwa ranar da ka sa.

Ga Musulmi, azumin Ramadan dama ce babba, tunda kana yin sama da awa 12 kullum ba ka sha ba kuma ba ka mutu ba, matsalar kawai a buɗa baki take, inda mutum zai kai dabino baki ya kurɓi ruwa ya zagaya bayan gida ya jera kara 2 ko 3 a jere har kansa ya yi jiri. In ka shirya wa wannan rabin awar, ka sha ruwa ka tafi masallaci kai tsaye ka dawo ka ci abinci cikin iyali, ka ci rabin yaƙin. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da azumin kwana 40 kafin Ista, wanda da ma lokaci ne na barin wani abu. Amma in azumi da saura watanni, kar ka ce sai ya zo.

Mataki na uku: maganar magani, kuma nan zan daɗe

Mutanenmu da yawa ba su ma san akwai maganin barin sigari ba, wasu kuma suna ganin kamar kasawa ce. Ba kasawa ba ce. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan yi wa manya maganin barin taba, ta ambaci magungunan maye gurbin nikotin, da varenicline, da bupropion, da cytisine, ta ce a haɗa da shawarar ma'aikacin lafiya. Abin da ya kamata ka gane shi ne, nikotin shi ke kama mutum amma ba shi ne babban mai kisa ba. Hayaƙin ne, wanda ke ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa, ga kwalta ga iskar kabon monoksaid irin wadda ke fita daga salansar janareta. Maganin maye gurbi yana ba jiki nikotin kaɗan a hankali ba tare da hayaƙin ba, har a yaye shi, kuma yana ƙara damar yin nasara da kashi 50 zuwa 60 cikin 100.

Akwai na mannawa a fata kamar filasta, yawanci mai ƙarfin miligiram 21, da 14, da 7. Mai shan fiye da kara 10 a rana da 21 ake fara masa na kamar sati 6, sai 14 sati 2, sai 7 sati 2. Da safe ake mannawa, a fata mai tsabta busasshiya wadda ba gashi, dantse ko ƙirji ko kafaɗa, kuma kullum a canja wuri don kar fatar ta yi ja tana ƙaiƙayi. In yana sa ka mafarkai barkatai ko ya hana ka barci, ka cire kafin ka kwanta. Wanda ka cire ka ninke shi ka jefa inda yara ba za su ɗauka ba, don sauran nikotin ɗin da ke jiki zai iya cutar da ƙaramin yaro.

Akwai kuma cingam, mai miligiram 2 da mai 4, mai 4 ɗin na wanda ke kunnawa cikin minti 30 da farkawa ne. A nan mutane suke kuskure su ce ba ya aiki. Ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara. Za ka sa a baki ka tauna a hankali, sau kaɗan, har ka ji wani yaji-yaji ya fara tasowa a harshe, sai ka tsaya, ka tura shi da harshe tsakanin kumatu da dasashi ka bar shi nan ya kwanta, ta fatar bakin nikotin ɗin ke shiga, in yajin ya lafa ka sake taunawa kaɗan ka mayar ɗaya gefen, haka har kusan minti 30. In ka tauna da sauri kana haɗiye yawun, abin da za ka samu shaƙuwa ce da ƙwannafi da tashin zuciya. Kuma kar ka sha lemon kwalba ko kofi ko zoɓo mai tsami minti 15 kafin ka sa ko yana baki, tsamin yana hana shi shiga jiki. Haɗa na mannawa da cingam ya fi amfani da ɗaya kaɗai, na mannawar yana riƙe ka yini guda, cingam ɗin kuma na lokacin da jarabar ta motsa.

Varenicline da bupropion ƙwayoyi ne kuma sai da takardar likita. Varenicline ana fara shi sati 1 kafin ranar da ka sa, a sha na sati 12, yana rage ƙishin kuma yana rage daɗin da mutum ke ji in ya zuƙa, ya kan sa tashin zuciya shi ya sa ake sha bayan an ci abinci da ruwa cike da kofi. Bupropion kuwa mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa yin jijjiga ba ya sha. Don Allah kar ka je kemis ɗin lungu ka ce a haɗa maka. Ka je ka yanki kati a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Plateau Specialist, ko Jankwano, ko asibitin da ya fi kusa da kai, ka faɗa wa likita kai tsaye: "Likita, sigari nake so in bari, ga yawan da nake sha." Mace mai ciki ko mai shayarwa, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai ciwon ƙoda, su kam ko cingam ɗin kar su fara sai sun ga likita. Haka wanda ke kan insulin ko maganin asma irin theophylline ko wasu magungunan ƙwaƙwalwa irin olanzapine da clozapine, ya sanar da likitansa zai bar sigari, domin hayaƙin taba yana canja yadda jiki ke sarrafa su, in an bari wataƙila sai an gyara adadin.

Na mannawa da cingam ba kowane kanti ake samu ba, sai ka tambaya a manyan kantunan magani, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In ba ka samu ba ko kuɗin ya fi ƙarfinka, kar wannan ya sa ka fasa, sauran matakan suna nan kuma da su mutane da yawa suka bari.

Mataki na huɗu: daren jajibiri, da maganar mai tebur

Daren da gobe ce ranar, ka kwashe komai. Kwalin da ya rage ka jiƙa shi da ruwa ka zubar, kar ka ba wani kuma kar ka ajiye "saboda ko da", ashana da laita da gwangwanin toka su tafi, ka duba aljihun jaket da rigar sanyi da ƙarƙashin kujerar Keke ko mota. Ka ba da rigunan sanyi da bargo a wanke, don ulu yana riƙe warin hayaƙi kuma warin kaɗai ya isa ya tayar maka da ƙishi da asuba.

Sai babbar matsalarmu, wato kara ɗaya. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta ce sai dai kwali mai 20, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san daga Bauchi Road zuwa Gangare zuwa Rikkos zuwa Bukuru ba ka tafiyar minti 5 ba ka ga tebur ba, da canjin da ke aljihunka za ka saya, wani ma bashi zai ba ka. Wanda ke ƙasar da sai ya sayi kwali guda yana da ɗan lokacin tunani, kai ba ka da shi. Don haka ka je wurin mai teburin da ka saba, ka biya bashin da yake bin ka, ka ce masa: "Malam, daga gobe na bar sigari. Ko na zo da kuɗi a hannu ina roƙonka, don girman Allah kar ka ba ni." Yawancinsu dariya za su fara yi, sannan su ce Allah ya taimaka, kuma kunyar komawa gabansa kaɗai katanga ce. Sannan ka canja hanya na sati 2 ko 3, ko da zagaye ne.

A gida ma ka faɗa. Ka ce wa mai ɗakinka ko Hajiya ko yayanka ga ranar da ka sa, kuma ka gaya musu gaskiya cewa za ka yi saurin fushi na 'yan kwanaki, su yi haƙuri da kai, kar kuma a riƙa shinshina rigarka ana tuhuma. Ku kuma iyali, gori ba ya sa mutum ya bari, abin da yake buƙata a tambaye shi "yaya jikin yau" a miƙo masa ruwa.

Majalisa ita ce mai wuya. Ba na cewa ka yar da abokanka, amma in majalisarku ta masu busawa ce, ka ɗau hutun sati 2 zuwa wata guda, ka gaya musu dalili. In ka dawo wani ya miƙo maka, amsar gajera ce: "Na gode mutumina, na bari." Kar ka ce "ina ƙoƙarin bari", wannan tana buɗe ƙofar "haba ɗauki ɗaya mana".

Mataki na biyar: kwana ukun farko

Nan ne tudun. Alamomin rashin nikotin sun fi tsanani a kwana na 2 da na 3, su fara sauka bayan sati, yawancinsu su tafi cikin sati 2 zuwa 4. Za ka ji fushi ba dalili, kai ya yi nauyi, ka kasa tattara hankali, barci ya rikice, yunwa, wani har cikinsa ya ɗaure. Duk wannan jiki ne ke gyara kansa. A daidai lokacin da kake jin kamar ana azabtar da kai, minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya da hawan jini sun fara sauka, cikin awa 12 iskar kabon monoksaid ɗin da ke jininka ta koma daidai.

In ƙishin ya taso ga abin yi. Duba agogon wayarka ka ce minti 10, ba har abada ba, minti 10 kawai. Tashi daga inda kake, wannan ya fi komai, in a zaune kake miƙe, in a ɗaki kake fita, ka yi tafiya da sauri zuwa ƙarshen layi ka dawo, an gwada an ga tafiyar 'yan mintoci tana rage ƙishin. Ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya cika, riƙe kaɗan, sake shi ta baki a hankali fiye da yadda ka ja, sau 10. Da ma wani ɓangare na natsuwar da kake samu a sigari daga dogon numfashin nan ne da kuma tashin da kake yi ka bar wurin hayaniya. Kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. In mai sallah ne ka yi alwala, ruwan Jos a fuska da asuba yana dawo da mutum hayyacinsa. Sannan ka ba hannu da baki aiki, kuma a ganina ba abin da ya kai asuwaki, tsayinsa kusan ɗaya da kara, yana zama tsakanin yatsu, yana zama a baki, ba mai kallonka da mamaki, ka sa guda a kowane aljihu. Carbi ma yana riƙe hannu. Ga karas da kokwamba da muke da su a wadace a Farin Gada, a yanka a zuba a leda, ga aya, ga gyaɗa mai ɓawo wadda sai ka ɓare, ga rake. Alewa da minti suna taimakawa amma kar su zama abincinka, musamman mai ciwon suga.

Yanzu maganar sanyi, wadda ita ce hujjar da na fi ji a garin nan. Disamba da Janairu, ƙarfe 6 na safe, hazo ya rufe gari, mutum ya naɗe da jaket da hular sanyi a bencin mai shayi, hannu yana rawa, ya ce sai ya ɗan busa jikinsa zai yi ɗumi. Wallahi akasin haka ne ke faruwa. Nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin jini na fata, jinin da ke zuwa yatsun hannu da na ƙafa ya ragu, su ƙara yin sanyi. Ɗumin da kake ji na hayaƙin ne a maƙogwaro da wutar da ke kusa da yatsa, na ɗan lokaci. In ɗumi kake nema, kunun gyaɗa mai zafi ko koko ko ruwan citta da kanumfari, ka rungume kofin da hannu biyu, ka sa safar hannu, ka motsa jiki.

Shayin kansa sai an yi dabara. In shayi da sigari tare suke tafiya a wurinka, ka raba su: ka sha a gida maimakon teburin mai shayi, ko ka canja zuwa kunu na sati 2, kana gamawa ka tashi ka goge baki. Kuma ga wani abu da ba a cika faɗa ba, hayaƙin taba yana sa jiki ya ƙone sinadarin kafin (caffeine, wanda ke cikin kofi da shayi) da sauri, in ka bari sai kafin ɗin ya riƙa daɗewa a jini, Nescafe ɗin da ka saba sha ya koma kamar ka sha biyu, zuciya na bugawa, barci ya ƙi zuwa, kai kuma ka ɗauka rashin sigari ne. Ka rage shi zuwa rabi. Goro ma kafin ne a cikinsa, don haka masu cewa su koma goro su yi a hankali, ɓari ɗaya da rana ya isa, ban da dare. Mai shan giya ko burkutu kuma ya sani nan ne aka fi zamewa, kwalba 2 duk alƙawari ya tafi, gara ya nisance ta a watan farko.

Mataki na shida: daga sati na biyu zuwa gaba

Abinci zai fara daɗi, hanci ya buɗe, ci ya ƙaru. Mutane da yawa suna ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, kar wannan ya tsorata ka, haɗarinsa bai kama ƙafar na sigari ba. Ka dai fara tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum, garinmu ga tudu ga gangare, ko ka koma filin ƙwallo da yamma. Tsakanin sati 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu suna gyaruwa, za ka ji da kanka ranar da ka hau tudun da da sai ka tsaya a tsakiya. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya koma kusan rabin na mai sha, bayan shekara 10 haɗarin kansar huhu ma kusan rabi. Wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yana ƙwato kusan shekara 10 na rayuwa, mai 40 shekara 9, mai 50 shekara 6, mai 60 ma shekara 3, saboda haka Baba da ke cewa "ni ai na tsufa a kai" shi ma yana da rabo.

Kuɗin sigarin nan ka riƙa ware shi kullum, a asusu ko adashe ko ka tura wa wanda ka yarda da shi ya riƙe maka, ƙarshen wata ka yi abin da ido zai gani da shi, takalmin makarantar yaro ko buhun dankali.

Kar ka musanya ta da 'yar'uwarta. Shisha taba ce, ruwan da ke cikin tulun ba ya tace gubar, ga hayaƙin gawayi a kai, kuma zama ɗaya ya kan kai awa guda ana zuƙa. Tabar gari ta hanci ko ta leɓe ita ma nikotin ce, ta bakin tana jawo kansar baki. Sigarin lantarki da matasa ke yawo da shi yanzu, a Ingila hukumar lafiyarsu tana yarda manya su yi amfani da shi don barin sigari, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin magungunan da ta ba da shawara ba, ni kuma abin da ke damuna shi ne wanda ake sayarwa a nan ba ka san me aka zuba a ciki ba, kuma da yawa suna ƙarewa suna shan biyun. Mai haɗa wiwi da taba shi ma ya sani in bai bar naɗin ba bai bar nikotin ba.

In ka zame ka sha ɗaya, to ka sha ɗaya, ba ka koma ba tukuna. Abin da ke mayar da mutum shi ne tunanin "tunda na ɓata bari in ƙarasa, sai Litinin in sake". Ka yar da sauran nan take, in kana kan na mannawa ko ƙwaya ka ci gaba da abinka kar ka tsayar, ka zauna ka tambayi kanka a ina ne, da wa, me ya faru, ka toshe wannan ƙofar. Yawancin waɗanda suka bari har abada sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Kuma ka sa ido a wata na 3 zuwa na 6, lokacin da za ka ji ka warke har zuciya ta ce gwada ɗaya ka gani, da ranar rasuwa ko faɗa a gida ko asara a kasuwa, da sanyin farko da zai zo bayan ka bari. Maganin ma a ƙarasa shi zuwa ƙarshen satuttukan da aka ce, da yawa suna ajiyewa a sati na 3 don sun ji sauƙi sai ƙishin ya dawo musu.

Abu biyu kuma ba a jira da su. In ka ji baƙin ciki ya yi maka nauyi fiye da kima, ba ka son magana da kowa, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, ko kana kan magani ko ba ka kai, ka gaya wa wani a gida ku tafi asibiti a ranar. Na biyu tari. Wasu tarinsu yana ɗan ƙaruwa a makonnin farko saboda huhu ya fara fitar da majinar da ta taru, wannan yana wucewa. Amma tarin da ya kai sati 2 tare da rama ko zufar dare ko zazzaɓi, ko ka ga jini a kaki, ko ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi, kar ka ce na barin sigari ne, mai shan taba ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Ka je a duba kakinka, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.